Naf: ba netwok ba ne, kuma ba jirgin sojan sama ba ne

Wagga kalma ta naf, wato masu gem su rage ma gwarzon da kake wasa da shi ƙarfi da gangan, ta tsallake gidan gem ta shigo gari kuma tun da ta shigo ake wahal da ita. Ranar Asabar ina jin wani shirin matasa a rediyo nan Gusau, mai gabatarwa na ba da labarin wani ɗan siyasa da ya sha kaye a zaɓen fidda gwani, sai na ji ya ce wai "an yi mai naf". Na ce a raina a'a malam, kada shi anka yi, naf daban. Kwana biyu kuma wani ya rubuta a Facebook cewa budurwa tai ta yi mai naf don ta daina ɗaukar waya. Abin ya fara isa ta.

Mafi ban dariya na kawunmu ne. Yara na zaune a zaure suna gardama, ƙanena Sani na ɗaga murya yana cewa wallahi naf ce ta kashe Hela, in ba naf ba babu mai iya taɓa ta. Kawu na alwala a gefe, sai ya aje buta ya ce "Inna lillahi, wace Hela kuma? A wane ƙauye jirgin ya sauka?" Shi a nan Zamfara in ya ji NAF to sojan sama ya sani, don su ake ji a labarai kullum. Sai da Sani ya rusuna ya ce Kawu yi haƙuri wasa ne na kwamfuta, ba mutum ba ce. Kawu ya ce Allah shi shirye ku, ya ci gaba da alwala tai.

To kalmar dai ta Turanci ce, ana rubuta ta Nerf, kuma asalinta sunan kayan wasan yara ne ba ruwanta da kwamfuta. Wajen 1970 wani kamfani a Amurka mai suna Parker Brothers ya fito da wata 'yar ƙwallo ta soso, wani mutum Reyn Guyer ne ya kawo dabarar, anka riƙa tallarta da cewa ka jefa ta cikin ɗaki ba ta fasa fitila ba ta fasa taga ba ta ji wa jariri ko tsoho ciwo. Daga baya anka yi bindigogi masu harsashin soso da takubba da kulake duk na soso, yanzu kamfanin Hasbro ke da sunan. Sai a 1997 anka buɗe wani gem na intanet, Ultima Online, mutane dubbai suna yawo cikin duniya guda suna sare-sare, masu gem ɗin sunka ga takobi ya yi ƙarfi da yawa sunka rage mai illa, 'yan wasa sunka fara ƙorafi cewa yanzu kamar da kulkin Nerf muke dukan juna. Daga nan ta bi duniya. Ka lura da hoton da kyau don shi ne duka maganar: takobin yana nan hannunka, kamanninsa ba su sake ba, sunansa bai sake ba, kana kai sara kamar jiya, sai dai ƙarfen ya koma soso. Kuma ba kai ka mai da shi soso ba, ba abokin faɗanka ba, maƙerin ne ya biyo dare ya musanya, ya musanya na kowa da kowa a lokaci guda.

Kowa da kowa, nan ne mutane ke ɓata. Naf hukunci ne da masu gem ke zama su yanke da gangan, su rubuta shi cikin takardar sauye-sauye da ke fitowa tare da afdet, wato sabunta gem ɗin, ya hau kan duk mai amfani da wanga gwarzo ko yana Gusau ko yana Tokyo. Ɗauki ita Hela ɗin da ta tayar wa Kawu da hankali. Gwarzuwa ce a gem ɗin Marvel Rivals, wanda ya fito 6 ga Disamba 2024, kamfanin NetEase ne sunka yi shi, mutum shida da shida, gwaraza 33 a farko. A watan farko Hela da Hawkeye sun hana kowa sakat, ita Hela tana can nesa tana jifa da wuƙaƙenta kafin ka gane inda take ka faɗi. Da kakar wasa ta ɗaya ta shigo a Janairun 2025, wadda ta zo da su Mister Fantastic da Invisible Woman, sai anka rage ran Hela, wato yawan dukan da take iya sha kafin ta faɗi, daga 275 zuwa 250. Wanga shi ne naf, lamba ce da za ka iya zuwa ka karanta. In anka ƙara ma gwarzo ƙarfi kuma sai a ce baf, wannan ba ya buƙatar dogon bayani don ba wanda ke kuka in an yi mai shi.

Amma je gidan gem da dare ka ji. Yaro ya ɗauki Spider-Man ya yi lilo ya danna naushi, kafin naushin ya fita an riga an aika shi barzahu, sai ya jefar da fad ɗin wasan ya ce an yi wa Spider naf. Ba a yi mai komai ba ɗan'uwa, ping ɗinka ne, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je ya dawo. Wanga shi ne abin da ya fi ƙona min rai don lissafinsa a fili yake. Sabar gem ɗin, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ba a Najeriya take ba, akasari ta Turai muke hawa. Duk maɓallin da ka danna sai saƙon ya bar wayar ko rawutar ya hau ƙarfen sabis, ya gangara Legas, ya shiga wayar da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku, ya kai Turai, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. Haske cikin irin wagga waya yana cin kamar kilomita 200 a milisakan guda. Wayar Glo-1 daga Legas zuwa Ingila kilomita 9,800 ce, zuwa da dawowa 19,600 ke nan, raba da 200 ka ga kusan milisakan 100 sun tafi tun ba ka sa tazarar Gusau zuwa Legas ba, ba ka sa cunkoson ƙarfen sabis na bayan isha'i lokacin da duk unguwa ke kallon TikTok ba. In gem na tafiya a hoto 60 cikin sakan, milisakan 100 hoto shida ne. Wato Bajamushen da kake faɗa da shi yana ganin abin da ke faruwa yanzu, kai kana ganin abin da ya riga ya wuce, kamar mai jin ƙwallo a rediyon da ke baya, maƙwabta sun yi ihun gol kai har yanzu kana jin ana kwana. Wannan lag ne. Shi lag kai kaɗai ya kama, Spider-Man na wancan mutumin lafiyarsa lau.

Mu da munka ga watan Satumbar 2021 lokacin da anka kashe sabis ɗin waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro bai kamata a ce muna haɗa matsalar netwok da wani abu ba, mun san kamanninta. Haka ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku sunka tsinke wajen gaɓar Kwaddibuwa, su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, har bankuna sunka riƙa jan ƙafa, ranar ba wanda ya ce an yi wa banki naf. Kuma masu buga gem ɗin Marvel Contest of Champions a waya ku ma ku ji, shi faɗan cikinsa da kwamfuta kake yi ba da mutum kai tsaye ba, in ka ga tarewa ta ƙi kamawa a kan lokaci to taɓa bayan wayarka tukuna, a zafin Afrilu na garin nan waya na ɗaukar zafi ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Sai dai akwai wuri guda da na tausaya ma masu kukan, kuma shi ne ya sa ban cika yi musu dariya ba. A ƙarshen Disambar 2024 'yan wasan Rivals sunka gano cewa in kwamfutarka mai rauni ce tana ba da hoto 30 a sakan, wasu gwaraza na zama ragwaye a hannunka da gaske. Doctor Strange ba ya tashi sama ya kai inda na mai babbar kwamfuta ke kaiwa, Wolverine yana yakushi amma illar ba ta kai ta wancan ba, haka Magik da Venom da Star-Lord. Mutane sunka ɗora bidiyo gefe da gefe, gwarzo guda maɓalli guda amma sakamako daban, kamfanin ya amsa cewa e matsalar na nan kuma za su gyara. Abin da ya faru shi ne an ɗaure lissafin motsi da yawan hoton da na'ura ke fitarwa maimakon a ɗaure shi da agogo, to duk wanda na'urarsa ke tafiyar hawainiya sai lissafin ya gajarce mai. Ka ga nan takobin ya koma soso da gaske, amma a hannun talaka kaɗai, mai tsohuwar laftof ta gwanjo da ya saya a Kano. Duk da haka sunan abin bog, kuskure ne na masu rubuta gem, ba wanda ya zauna ya yanke shi kuma ba a rubuta shi a takarda ba sai da anka kama su. Na san wani zai ce mi ye bambanci tunda duka ni ke shan kashi. Bambancin shi ne bog in ka yi ƙorafi da hujja ana gyarawa a ba ka haƙuri, naf kuwa in ka yi ƙorafi ce maka za a yi mun sani, da gangan munka yi.

Ni dai ra'ayina, tunda ba a hana ni faɗi ba, naf a gem irin Rivals alheri ce. Gwarazan kyauta ne, kaya da ado kawai ake saye, in an rage Hela ka koma kan wani ba ka yi asarar ko sisi ba. Ko a filin dambe in aka bar mutum guda yana ɗaure hannu da abin da ya ga dama, mako biyu ba mai sake fitowa kara da shi kuma ba mai biyan kuɗin ƙofa. Inda nake adawa da ita shi ne gem ɗin da sai ka yi wata da watanni ko ka zuba kuɗi kafin ka ɗaga gwarzo guda. A Maris 2017 kamfanin Kabam sun fito da afdet na 12.0 a Contest of Champions, sunka bi manyan gwarazan da mutane sunka ƙare ƙarfinsu a kai, Scarlet Witch da Thor da Doctor Strange da Black Widow, sunka zabge su dare ɗaya. 'Yan wasa sunka haɗa kai sunka ce ba mai sake sayen komai, sai ga kamfani ya fito yana ba da haƙuri, ya sassauta wasu sauye-sauyen, ya raba tikitin da za ka sauke gwarzo ka karɓi kayan da ka zuba mai. Wannan a wurina bai da maraba da ka sayi sa ka yi ta kiwo da dusa da harawa, ranar da za ka kai shi kasuwar Talata Mafara wanda ya sayar maka ya zo ya ce ai ya sake shawara, daga yau maraƙi ne. Kuma tun daga lokacin kamfanoni da yawa sunka koyi wayo, ba su taɓa gwarzonka ba, sai su riƙa fito da sababbi kowanne ya fi na baya ƙarfi, naka yana nan da lambobinsa cif amma ya zama ɗan kallo. Ita wagga ba ta da takarda ba ta da ranar da za ka nuna, shi ya sa ta fi ta farkon ciwo.

Mu dawo kan mai rediyo. Ɗan siyasar da ya faɗi zaɓe ba a rage mai komai ba, an kara an fi shi. Da a ce ya ci kujerar yana kai, sai majalisa ta zauna ta gyara doka ta cire rabin ikon kujerar ta bar mai suna da mota da jiniya, kuma duk wanda zai hau bayansa haka zai tarar, to nan ka ce naf ban ce uffan ba. Wanda na ji ya yi amfani da kalmar daidai a wajen gem mutum guda ne, wani ɗan acaba a teburin mai shayi kusa da tasha. An miƙo mai biredi, leda iri guda, suna iri guda, kuɗi kamar na makon jiya, ya ɗaga shi ya auna a tafin hannu ya matsa ya ga ya lotsa har yatsunsa sun haɗu, ya ce "Mai shayi, wanga biredi an yi mai naf." Mai shayi ya ce shi bai san wani naf ba, daga gidan biredi anka kawo shi haka, kuma na kowa haka yake.