Waiwaye: Yadda Musulmin Kumasi suka rasa gurbi a taswirar wasannin mulki

Makonni ke nan samarin unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi suna kai ruwa rana a kan wasannin kwamfuta na mulki, irin waɗanda mutum zai ɗauki daula ya riƙe ta shekaru ɗaruruwa. Wasu na cewa a ƙaurace musu, sun mai da Musulunci takobi da mata huɗu. Wasu na cewa wasa ne, a sha shayi a bar zancen. A majalisarmu ƙanena ne ya tayar da ƙurar. Ya buɗe Europa Universalis IV, ya danna Kumasi, ya juyo ya ce, "Yaya, ina mutanenmu?" Babu su. Lardi ɗaya, launi ɗaya, addini ɗaya.

Abin ba yau ya fara ba. A Crusader Kings na 2004 Musulmi abokin gaba ne kawai, ba ka da ikon zama shi. Civilization IV na 2005 ya kawo addinai bakwai har da Musulunci, amma aikinsu kusan ɗaya ne, a suna da tambari kawai suka bambanta. Wannan kowa ya san shi.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne Yunin 2012, lokacin da ƙarin Sword of Islam ya fito wa Crusader Kings II. Ranar aka buɗe ƙofa, mutum ya iya zama sarki Musulmi, ya yi azumin Ramadan, ya tafi aikin Hajji. An yi murna, ni ma na yi. Sai dai rigar tun asali an ɗinka ta ne wa mai ƙasa na Turai, mai gandu da barori da fada, sai aka saki ɗinkin kaɗan aka zura wa sarkin Bagadaza. Babban abin da ya raba Musulmi da sauran shi ne wani ma'auni na lalacewar gida: idan maza 'yan gidan sarauta suka yi yawa suna zaman banza, ma'aunin ya hau, har wata ƙabila ta taso ta ƙwace sarautar. Wanda ya leƙa Muƙaddima ta Ibn Khaldun zai ji ƙamshin zancen asabiyya a nan, yadda daula ke tsufa cikin jin daɗi. Tunani ne mai nauyi, amma da ya zama lissafi sai ya koya wa 'yan wasa dabara guda: ka ɗaure 'yan'uwanka kafin su ja maka. Na sha yin haka da tsakar dare, ina istigfari ina dannawa.

Tun daga nan Musulunci ya zauna a matsayin kayan fada. Malamin zaure, alƙali, mai waƙafi, bafatake, duk ba su da abin dannawa. Gyare-gyare sun biyo baya, kuma masu kyau ne. A 2017 mazhabobi suka shiga Europa Universalis IV, har da Malikiyyarmu. A 2020 Crusader Kings III ya ba mutum damar farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867. Amma duk ɗaki ne a kan tsohon tushe: sarki ya zaɓa, lardi ya sauya launi.

Mu kuwa ba ta wannan hanyar addini ya iso mana ba. Wangarawa ne suka biyo zinariya, Hausawa suka biyo goro ta Salaga, ɗauke da allo da tawada. Koyarwar Alhaji Salim Suwari, malamin Wangarawa, ta yarda Musulmi ya zauna lafiya ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba, ya riƙe karatunsa, ya bar shiriya ga Allah. Wakilan Ingila, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai a Kumasi suna yi wa fadar Asante rubutu da addu'a. Ba su musuluntar da sarki ba, sarki bai kore su ba. Wasu takardun Larabci na zamanin suna ajiye a Kofanhagan ta Denmark, wasu na yankin a jami'ar Ghana da ke Legon, mu jikokin masu rubutun ba mu fassara su yadda mai tsara wasa zai karanta ba. Wanda bai ga hanyar goro a littafi ba, hanyar takobi zai zana.

Victoria 3 na 2022 yana ƙirga jama'a da addininsu da ƙabilarsu a cikin jiha guda, wato dai abin mai yiwuwa ne. Ƙanena bai jira ba. Ya shiga fayilolin wasansa na Europa Universalis IV zai gyara Kumasi da kansa, ya cusa malamai da fatake. Bayan sallar isha'i ya kira ni ya nuna mini: gurbin addini layi ɗaya ne tak, kuma kalma ɗaya yake ɗauka.