Biyan kuɗin gina shafin intanet bai sa ya zama naka har abada

'Yan kasuwarmu na Jidda da Makka sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar an biya mai gina shafin intanet, shi ke nan. Ba laifinsu ba ne, haka cinikin kasuwa yake.

Sai dai adireshin shafi, .com ne ko .sa, hayarsa ake yi, ana sabuntawa, galibi duk shekara. Wanda aka yi rajista da sunansa shi ke da iko. Idan maginin ya sa nasa, ranar da kuka ɓata, shafin na hannunsa.

Kafin ka ba da riyal ɗaya, ka ce a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ka shiga asusun da kanka. Binciken WHOIS, wato duba bayanan rajistar adireshi a intanet, kyauta ne, yana nuna ranar ƙarewar hayar adireshin .com.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.