Katin hoto biyu ba ya ninka gudun wasa a kwamfuta

Har yanzu akwai matasanmu a Jidda da Makka da ke tara riyal domin sayen katin hoto na biyu, wato na'urar da ke zana hotuna a kwamfuta, bisa tunanin cewa gudun wasa zai ninka. Wannan fahimta ta samo asali ne daga fasahar SLI ta haɗa kati biyu su yi aiki tare, wadda kamfanin Nvidia ya fito da ita a 2004, da kuma makamanciyarta CrossFire da ta biyo baya a 2005, amma ko a wancan lokaci ninkin bai cika tabbata ba.

Yawanci katunan karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zana hoto ɗaya, wancan ya zana na gaba, don haka dole kowannensu ya riƙe kwafin bayanan wasan gaba ɗaya. Ke nan kati biyu masu ma'adanar bayanai ta gigabait 8 kowanne ba sa zama 16. Idan kuma tazarar fitowar hotunan ta saɓa, sai wasan ya riƙa cijewa ko da lissafi ya nuna gudu ya ƙaru, ga cin wuta, ga zafi, abin da mazaunin Jidda ba zai raina ba. Nvidia ta daina ƙara wa SLI tallafin sababbin wasanni daga 2021, kuma katinta na RTX 4090 ba shi da wurin haɗa shi da wani katin ma sam.

Allo da yawa ma ba ya buƙatar kati biyu, domin yawancin katunan zamani suna ɗaukar allo uku ko huɗu. Nauyin yana zuwa ne idan aka shimfiɗa wasan a kan allo uku, saboda ɗigon hoton da za a zana ya ninka sau uku, kuma a ganina kati ɗaya mai ƙarfi ne maganin hakan.