Waiwaye: Yadda Mai Ke Isa Ga Motocin Sojoji A Dajin Zamfara

Da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, tsarin shi ne mai ya biyo bututu ta Zariya ya sauka a dafon NNPC na Gusau, tankoki su ɗiba daga nan. Matatar na durƙushewa sai dakon ya koma kan titi, tanka mai cin lita 33,000 ta taso tun daga Kudu ta yi kwanaki a hanya. Sojoji ma a wannan layin suke.

Can baya abin bai dami kowa ba, don motocin na bariki. Daga farmakin Harbin Kunama da aka ƙaddamar a Dansadau a 2016, zuwa Hadarin Daji a 2019 da Fansan Yamma a 2024, ƙananan sansanoni suka bazu a wuraren da kwalta ba ta kai ba. Kuma man ba iri ɗaya ba ne: fetur na babura, gas na manyan motoci da masu sulke da janareto, jirage kuwa nasu daban.

Wahalar tana zangon ƙarshe. Tanka ba ta shiga laka da damina, dole a juye a duro mai lita 200 ko jarka mai lita 20. Duron gas ya kusa kilo 190, sai an mirgina shi a kan katako. Jarka kuwa soja ɗaya ya sunkuce ta. Duron da aka bari a tsaye ruwan sama na taruwa a samansa ya sulale ta murfi, ya kwanta a ƙasan man. Wanda ya zuƙo daga can ƙasa, ruwa da datti zai ɗura wa mota, filta ta toshe, inji ya mutu a tsakiyar daji. Shi ya sa ake kwantar da duro a gefensa. Lissafin man ma zuwa da dawowa ake yi, har da na motocin rakiya, waɗanda daga wannan kayan suke sha.

'Yan bindiga ma da fetur suke yawo. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka domin a tsayar da baburansu, sai 'yan bumburutu suka koma safararsa a ɓoye. Cire tallafi a Mayun 2023 kuma ya ninka farashin fetur kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuɗin kowane sintiri na babur ya bi shi.