Ma'aunin kyau a aikin riga a Zangon Kumasi

Ma'aunin kyau a aikin riga shi ne abin da maɗinka da dillalai da masu saye ke dubawa kafin su ce babbar riga ta yi. A Zangon Kumasi, unguwar baƙi 'yan arewa a babban birnin Asante da ke Ghana, bakin jama'a bai taɓa zama ɗaya a kan wannan ba, domin Hausawa da mutanen Asante sun daɗe suna kallon tufafin juna a kasuwa guda, kowa da abin da idonsa ya saba yabawa.

Tarihi

Fataucin goro ne ya kawo rigunan ƙasar Hausa wannan yanki. Ayarori daga Kano da Katsina kan sauka a Salaga, cikin ƙasar Gwanja, da tufafi da kanwa da kayan fata, su koma da goro. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya ziyarci Kumasi a 1817, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi masu faɗa a ji a fada.

Abin da fadar Asante ta fi daraja a rigar arewa ya bambanta da abin da masu ɗinka ta ke alfahari da shi. Batakari, rigar da mayaƙansu ke sawa, ana lulluɓe ta da layu da malamai suka rubuta, kuma yawan layun ke ƙara mata kwarjini a idonsu. Bahaushe kuwa zare yake dubawa.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake. Bayan shigar Turawa Kumasi a 1896, da yawansu suka gangaro kudu, kuma wajen farkon ƙarni na 20 zangon ya kafu sosai. Tare da su aka samu maɗinka, da malamai masu zana fasalin aiki a kan yadi kafin a sa allura.

Abin da ake yabawa

A tsohon ma'auni, yadi ake fara dubawa: saƙi mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, ko tsamiya, ko kore da aka rina da shuni aka buga har ya yi ƙyalli. Sai aikin da ke kan aljihu da wuya, kamar aska biyu, aska takwas da tambari. Gwani kan juya rigar ya duba bayan ɗinkin, ya ga ko zaren ya kwanta, ko an yi gaggawa. Farin zare a kan farin yadi, wanda sai an matso ake gane wahalar da ke cikinsa, yana da daraja ta musamman wurin dattawa, kuma lalle a nan ne ƙwarewar hannu ta fi fitowa.

Kente, yadin Asante wanda ake saƙawa a Bonwire kusa da Kumasi, wata hanya ya bi. Launuka masu haske ne, rawaya da kore da ja, kowane fasali da sunansa da ma'anarsa, an yi shi domin a hango shi daga nesa ranar taro. Wanda ya tashi da ganin kente yana iya cewa farar riga ba ta da armashi, wanda ya tashi da farar riga kuma ya ce kente ya cika hayaniya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Saɓani

Ana jayayya kan aikin keke da aikin hannu. Masu goyon bayan keke na kafa hujja da sauri da araha, ɗaya ɓangaren na cewa aikin hannu ya fi ƙarko da nauyi. Fasalin masu rai ba ya cikin aikin riga na gargajiya, kuma galibi ana danganta haka da addini.

A yau

Shadda ta mamaye kasuwa. A unguwanni irin su Aboabo da Asawase, yawancin rigunan Sallah aikin keke ne, sau da yawa da zare mai launi.