Sir Francis Burdett

Sir Francis Burdett (25 ga Janairu 1770 zuwa 23 ga Janairu 1844) ɗan siyasar Ingila ne, mai filaye da gonaki a Derbyshire da Wiltshire, kuma na biyar da ya riƙe sarautar baronet a gidansu. Sarauta ce ta gado: ana kiran mai ita Sir, amma ba ta ba shi kujera a Majalisar Dattawa, sai dai ya nemi ƙuri'a ya shiga Majalisar Wakilai. Ya yi sama da shekara 40 a Majalisar Wakilai. An fi tunawa da shi a matsayin ɗan masu hali da ya tsaya wa talakawan da ba su da ƙuri'a.

Tasowarsa

Ya yi karatu a makarantar Westminster da jami'ar Oxford. A 1793 ya auri Sophia, 'yar Thomas Coutts mai banki, ya kuma gaji sarautar daga kakansa a 1797.

Shigarsa majalisa

A 1796 ya shiga majalisa daga Boroughbridge, kujerar da aka saya da kuɗi kamar yadda aka saba a zamanin, kuma wannan al'adar ce ya koma yana yaƙa. Sunansa ya fara fita ne da ya tona asirin azabar da ake gana wa fursunoni a gidan yarin Cold Bath Fields. Takarar Middlesex daga 1802 ta cinye masa dukiya mai yawa, ga ƙararrakin zaɓe da suka biyo baya. A 1807 mutanen Westminster suka zaɓe shi yana jinyar raunin harsashi, bayan sun yi fito-na-fito da bindiga da wani ɗan siyasa mai suna James Paull. Shekara 30 ya riƙe wannan kujera.

Rikicin 1810

Majalisa ta ɗaure wani mai suna John Gale Jones saboda ya soke ta. Burdett ya ce ba ta da hurumin ɗaure ɗan ƙasa ba shari'a, ya kuma buga hujjarsa a jaridar William Cobbett. Sai 'yan majalisa suka yi ƙuri'a a kai shi kurkukun Hasumiyar Landan. Ya ƙi fita, ya garƙame gidansa da ke Piccadilly, jama'a suka yi dafifi a titi kwana da kwanaki suna arangama da sojoji. Ranar 9 ga Afrilu aka fasa gidan, aka tarar da shi zaune cikin iyalinsa, ɗansa na fassara masa Magna Carta, tsohuwar takardar 'yancin 'yan Ingila, daga Latin. Abokan hamayya sun ce shiri ne, magoya baya kuwa suka riƙe wannan hoto a zuciya.

An sake shi a watan Yuni da majalisa ta tashi. Dubban mutane sun taru su raka shi gida, shi kuwa ya bi ta kogin Thames a kwalekwale, abin da ya sosa ran masoyansa matuƙa.

Sauran gwagwarmayarsa

Ya sha kawo ƙudurin faɗaɗa ƙuri'a, ya yaƙi yi wa sojoji bulala, ya kuma nema wa 'yan Katolika 'yancin shiga majalisa, wanda ya tabbata a 1829. Wasiƙar da ya rubuta yana la'antar kisan Peterloo na 1819 a Manchester, inda sojojin doki suka afka wa taron masu neman gyaran zaɓe, ta jawo masa tara da ɗaurin wata 3.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan dokar gyaran zaɓe ta 1832 ya karkata ga masu ra'ayin riƙau, kuma daga 1837 ya wakilci Arewacin Wiltshire. Wasu sun kira hakan juya baya, wasu sun ce a ganinsa buƙata ta riga ta biya. Ya rasu 'yan kwanaki bayan matarsa, aka binne su a Ramsbury. 'Yarsa Angela Burdett-Coutts ce ta gaji dukiyar Coutts, ta yi suna wajen taimakon marasa galihu.