Waiwaye: Yadda Ake Kafa Hujja da Ƙamus da Kundin Sani

Tun kafin jami'o'i su zo da ƙa'idojin rubuta manazarta, malaman Larabci suna da hanyarsu ta kafa hujja da ƙamus. Sukan ce "in ji mai Ƙamus", suna nufin Fairuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, kuma daga sunan littafinsa, Al-Ƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa, kalmar ƙamus ta samu wannan ma'ana har ta iso Hausa. Ba a ambaton lambar shafi, domin littattafan rubutun hannu ne, kowane kwafi da irin shafukansa. Saiwar kalmar ake faɗa, mai nema ya bi ta har ya iske wurin. Turawa ma haka suka yi da gajartar Latin ta s.v., ma'ana "a ƙarƙashin kalma kaza", wadda tsarin Chicago, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rubuta manazarta, ya daɗe yana amfani da ita ga sanannun ƙamusu.

Ɗab'i ne ya kawo sabuwar tambaya, wato wane bugu ake nufi, kuma wa ya rubuta. Britannica, kundin sani na Turanci, wadda aka fara bugawa a birnin Edinburgh a 1768, ta yi ta sauya bayananta daga wannan bugu zuwa wancan, kuma a bugunta na 11, na 1910 zuwa 1911, marubuta da dama sun sa haruffan farko na sunayensu a ƙarshen maƙalunsu. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi yau ta ce idan maƙala tana da marubuci, sunansa ake fara kawowa, sannan na edita da na kundin su biyo baya.

Wannan batu ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, na Abraham ya fito a 1949 aka sake buga shi a 1962, shi kuwa Ƙamusun Hausa na 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ce ta samar da shi, don haka sunan cibiyar ake sawa a gurbin marubuci. Ɗalibin da ya rubuta "ƙamus ya ce" ya yi shiru, a ganina bai kawo hujja ba tukuna, domin tsakanin na farko da na ƙarshe akwai shekara 72, kuma ma'anonin kalmomi da yawa sun faɗaɗa a tsakani.

Zuwan intanet ya sake dagula lissafin. Wikipedia, da aka kafa a 2001, tana iya sauyawa sau da yawa a yini guda, Britannica kuma ta sanar da daina buga kundinta a takarda a 2012. Saboda haka bugu na 7 na tsarin APA (wani tsarin rubuta manazarta), wanda ya fito a 2019, ya buƙaci a rubuta ranar da aka duba ƙamusun intanet mai sauyawa, ga Wikipedia kuwa a kawo adireshin ainihin sigar da aka karanta daga tarihin shafin.